Ƙwayar Gyada a Ƙirjin Malama Rahila

Shekarata goma sha tara, amma bayana na 'yar shekara saba'in ne. Wadda ba ta yarda ba ta zo ta ji ƙarar da yake yi idan na sunkuya ɗaukar buta. Shekara uku ke nan ina aiki a wata cibiyar ɗaukar hoton cikin jiki a nan Gombe, kuma saboda ku na zauna rubuta wannan, 'yan matan layinmu na Nasarawo, da kuke zama a ƙofar gidanmu kuna cewa Habiba ta samu aikin shan iska. Wai ina zaune cikin sanyin esi ina danna maɓalli. To ku sani ban taɓa danna maɓalli ba. Ranar da na kai hannu kusa da shi, kallon da Oga Yohanna ya yi min har yau yana min ƙaiƙayi a ƙeya.

Oga Yohanna mutumin wajen Kaltungo ne, kuma tun ba a haife ni ba yake ɗaukar hoto a asibiti. Shi ke tuƙa injin MRI ɗinmu. Ya san aikinsa, amma namiji ne, kuma hoton da aka fi zuwa nema a wurinmu ranar Litinin da Laraba na nono ne. Ba macen da za ta yarda ya gyara mata kwanciya, daga mai hijabi har mai zuwa coci. Matar da take yi masa wannan aikin ta yi aure ta koma Bauchi, daidai lokacin da na gama sakandare, lissafi ya ƙi ni na ƙi shi. Goggona da ke shara a cibiyar ta ce tana da wata yarinya a gida wadda bakinta ba ya rufuwa, za ta iya ɗauke wa mata hankali. Haka aka ɗauke ni. Shi ne ido, ni ce hannu.

Injin muna ce masa Hajiya, don ba ya son zafi, ba ya son hayaniyar wutar lantarki, kuma in ya yi fushi duk gidan sai an ji a jiki. Wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, ba a kashe shi ko ranar Lahadi. Aikina na farko shi ne raba mace da duk wani ƙarfe da ke jikinta. Kuna jin abin kamar wasa. Akwai wata Dada da aka kawo daga ruga ta wajen Dukku, ta ce ba ta da komai. Na zare ɗankwalinta na tarar da tsofaffin kwabbai a kitsonta, jere kamar kayan tireda. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa ba. Awa guda muna tsifa. Da muka gama sai ga laya a damtse, sai ga wata a ƙugu. Da za a auna ta kafin mu fara da bayan mun gama, rabinta ne ya shiga injin.

Bayan ƙarfe sai kwanciya, kuma nan ne bayana ya tsufa. Mace tana kwanciya rub da ciki a kan wani akwati mai rami biyu, kowane nono ya sauka cikin raminsa. Sai ya rataya a tsakiya, bai taɓa gefe ba, bai naɗe ba, fatar ciki ba ta biyo shi ba, kan nonon yana kallon ƙasa. Wata guda Oga ya sa ni ina koyo da ledar ruwa biyu kafin ya bari na taɓa mutum. Zai shigo ya leƙa ƙarƙashin akwatin ya ce ta dama ta karkace, in sake. Na sake waɗannan ledoji har na fara gaishe su da safe. Amma leda ba ta jin kunya, ba ta riƙe zane da haƙori, ba ta tambaya ko za ta mutu. Mace kuwa sai kin tsuguna, kin sa hannu kin gyara, kina ba ta labarin tsadar tumatir don ta manta inda hannunki yake. Sannan ki toshe mata kunne da auduga, ki ce mata kada ta motsa na fiye da rabin awa, alhali injin yana buga ƙara kamar maƙera goma sun yi faɗa.

Yadda Oga ya bayyana min, Hajiya ba ta da ido, baki da kunne gare ta. Maganaɗisun yana jera ruwan jikin mutum da kitsensa su fuskanci wuri guda, kamar ɗalibai a filin makaranta da safe. Sai injin ya aika musu kira, irin igiyar nan da rediyo ke kamawa a iska, su kuma su amsa. Akwatin mai rami biyu shi ne kunnen da ke sauraron amsar, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Inda kiran ya isa da ƙarfinsa, amsa ta dawo sarai. Inda ya isa a gajiye, amsa ta dawo a gajiye, wurin ya fito dishi-dishi.

Wahalar nono ita ce biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga ƙirji a bayansu yana karkatar da kiran. A inji mai ƙarfin maganaɗisu irin namu abin ya fi tsanani. Injin da Oga ya daɗe yana aiki da shi kafin ya zo nan baki ɗaya gare shi, murya ɗaya yake aikawa kowace mace, siririya ko mai jiki, sai nono ɗaya ya ji kiran da yawa, ɗayan bai ji isasshe ba. Namu baki biyu gare shi, kowanne da nasa ƙarfin. Kafin a fara hoto yana yin wani ɗan gajeren awo ya ga yadda jikin wannan matar yake, sai ya ƙara wa wannan baki murya ya rage wa wancan, har kiran ya isa dama da hagu daidai.

Da ya gama bayani na ce masa ai wannan tandar Innarmu ce. Inna masa take sayarwa a ƙofar gida, kun sani. In wuta ta taru gefe guda, masar nan ta ƙone, ta can ta fito ɗanya, sai ta gyara itace ko ta juya tandar. Oga ya ce tun da na zo wannan ce maganar hankali ta farko da ta fito daga bakina. Ya ce su ma a zamanin inji mai baki ɗaya, in sun yi shakkar wani gefe, sukan juya matar kamar tanda, kai ya koma inda ƙafa take, gefen da bai ji kira ba ya samu rabonsa.

Abin da ya sa wannan ba wasa ba ne, nono yawancinsa kitse ne, kuma kitse yana haske a hoto har ya rufe komai. Sai a umarci injin ya yi wa kitsen shiru, a yi wa matar allurar wani ruwa ta jijiya. Sankara uwar haɗama ce, ita ke fara shan ruwan, sai ta haska cikin duhu. Amma in kiran bai isa gefen da ƙarfi ba, kitse ba zai yi shiru sosai ba, ita ma ba za ta haska yadda ya kamata ba, sai ta saje da sauran nama ta yi zamanta. Oga yakan ce hoton da ya ɓaci kowa ya ga ya ɓaci ba ya ba shi tsoro, sakewa za a yi. Wanda ke ba shi tsoro shi ne wanda ya yi kyau a ido.

Don haka yake da wata dabara tasa da ba ta cikin littafin injin. Ƙwayoyin man kifi, rawayen nan masu laushi da ake sayarwa a kemis. Ko'ina akan manna ɗaya a inda mace ta ce tana jin ƙullutu, don mai yana fitowa tas a hoto. Shi Oga biyu yake sa in manna da filasta, ɗaya a gefen kowane nono, a tsayi ɗaya. A hoton farko, kafin allura, sai ya dube su. Ƙwaya iri ɗaya ce daga kwalba ɗaya. In sun haska daidai, Hajiya na magana da baki biyu lafiya. In ɗaya ta dushe, laifin injin ne, ba na jikin matar ba. Kwalbar a aljihun rigar aikina take zama. Ku riƙe wannan.

Shekarata ta biyu ita ce mummunar shekara. Zafin bazara ya zo kamar da mu yake gaba. Wuta ta riƙa zuwa tana tafiya kamar baƙuwar da ta manta jakarta, janareto yana tari, injin da ke sanyaya Hajiya yana kuka. Injiniyanmu a Legas yake, kuma duk ranar da aka kira shi gobe zai taso. Mata suka taru mana, don duk ranar da aka rasa wuta sai a tura na ranar zuwa wata. Oga ya daina fita cin abinci, yana cin biredi a tsaye. Ni kuma a wannan shekarar ce ƙuraje suka mamaye min fuska, har Inna ta ce in ta rasa magogin kuɓewa ta san inda za ta nema. Wata ƙawata ta ce man kifi yana kashe su. Ga kwalba a aljihuna. Na fara da fasa ɗaya a mako ina shafawa, na koma ɗaya a rana. Ina ƙarni kamar kasuwar kifi, Oga yana cewa a duba ko ɓera ya mutu a silin.

Wata Laraba na kira suna na gaba, sai ga Malama Rahila ta miƙe. Ita ta koyar da ni a aji uku na firamare, kuma rabin bulalar da na sha a duniya daga hannunta ta fito. Ta yi ritaya, ta rame, amma idon yana nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Habiba mai surutu. Ke aka ba amanar mutane?" Na ce ni ce, Malama. Ta ce to Allah ya kyauta.

An riga an tabbatar tana da sankara a nonon hagu, likita ya sa ranar cire shi, Talata mai zuwa. Hoton da ta zo yi na tambaya ɗaya ne, shin na dama lafiya yake, ko shi ma akwai wani abu a ɓoye. Na kwantar da ita, na gyara ta yadda ban taɓa gyara kowa ba, don na san ko a kife take tana ba ni maki. Na zaro kwalba na girgiza. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗo.

A ɗaya aljihun akwai soyayyar gyada da na saya a bakin get. Na yi lissafi irin nawa, irin wanda ya hana ni shiga jami'a. Mai dai mai ne, kuma daga gyada ake matse man gyada. Na manna ƙwayar kifin a hagu, na murje ɓawon gyada ɗaya na manna a dama, na rufe da filasta. Wa zai gani?

Ban kai ga zama ba Oga ya kira ni gaban kwamfuta. Ya nuna min ɗigo biyu, na hagu yana ƙyalli, na dama kamar fitilar da batir ya ƙare mata. Ya ce bakin Hajiya ɗaya ya yi rauni, ba zai yi allura ba, in je in sauko da Malama in ba ta haƙuri, in kuma sallami sauran matan da ke jira. Na tuna matan nan, wasu tun daga Billiri, wasu zuwansu na uku ke nan. Na tuna Malama da ranar Talatarta. Na ga ba daidai ba ne a kori mutane saboda gyadata. Sai na faɗi gaskiya, har ina jin kaina jaruma.

Ya dube ni. Ya ce, "Gyada."

Na ce, "Soyayya ce, Oga. Tana da mai."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya duba awon farko da injin ya yi, bai ga ya koka da komai ba. Ya dubi agogo, ya saurari tarin janareto. Ya ce tunda gyada ce dole ta dushe, ya kira nas ta yi allura. Hoto ya fito kyakkyawa. Abin hagu ya haska kamar wata, dama kuma shiru. Da yamma likitan da ke karanta hotunan ya rubuta cewa ba a ga komai a dama ba, 'yar Malama ta zo ta karɓi takardar. Ni kuma na sha faɗa na kwana uku a cikin minti goma, aka aike ni kemis da ƙafa.

Ranar Juma'a muka ƙara zaman hoton nono don rage layi. Mace ta farko wata matar ɗan sanda ce. Na buɗe sabuwar kwalba a gaban Oga, na manna biyu, har na nuna masa hannuna babu komai. Hoton farko ya fito. Ta hagu tana ƙyalli, ta dama ta dushe, dushewa irin ta ranar Laraba.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya sa na sauko da matar, ya sallami kowa, ya buɗe hotunan Malama Rahila ya zauna a gabansu. Can ya ce injin ya faɗa mana gaskiya ranar, gyadar ce ta ba mu dalilin ƙin saurare. Ya ce da ya sa ni na koma na musanya su, kifi a dama gyada a hagu, minti biyu ne, da mun gane. Ya ce gyadar tawa ce, amma yardar tasa ce. Daga nan bai sake maganar ba har yau.

Ya kira likitan da zai yi aikin ya ce masa kada ya dogara da takardar nan a kan nonon dama. Likita ya ce yana buƙatar amsa kafin Talata, don ba zai so ya yanka mace sau biyu ba, kuma ba zai so ya daɗe yana jinkirta na hagun ba. Aka kira injiniya, ya ce kayan gyara sai mako biyu, wanda a bakinsa yana nufin bayan damina. Oga ya ce saura dabara ɗaya, a juya tanda. Ya kira Malama a waya. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye. Ta ce an ba ta takarda cewa dama lafiya, ta riga ta yi godiya ga Allah a gaban mata 'yan ƙungiyarsu, kuma ba za ta sake shiga wannan kabarin mai ganga ba. Ta kashe waya. Oga ya dube ni ya ce ai malamata ce.

Na hau keke zuwa gidan Malama a Kagarawal da tsakar rana. Mai keken ya tambaye ni ko gaisuwar mutuwa za ni, na ce tawa ce. Na same ta a inuwar dalbejiya tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na shirya jawabi mai kyau a hanya, na baki biyu da igiyar rediyo, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, Malama gyada na manna miki.

Ta ajiye faifan. Ta sa na faɗa mata komai daga farko, har ƙurajen. Ta tsayar da ni sau biyu ta ce in daina ƙari, in faɗi yadda aka yi. Da na zo kan bayanin injin na kawo mata misalin tanda, ta gyaɗa kai. Ta ce tun ina aji uku haka nake kawo aikin gida, rabi nawa rabi na dabara.

Sannan ta ce, "Wato abin da aka rubuta min ƙarya ne."

Na ce, "Ba ƙarya ba ne, Malama. Sun ce ba su ga komai ba, kuma ba su gani ba. Amma fitilar da suka duba da ita ba ta da haske a wannan gefen."

"In na koma, za a ga wani abu?"

"Ban sani ba, Malama."

Ta dubi waken. Ta ce kwana biyu ke nan tana barci, tun ranar da aka kawo mata takardar, kafin nan ta manta yadda ake yi. Ta ce yanzu na zo da ƙafata na karɓe. Ta miƙe ta ce in ci gaba da durƙuso a nan har ta yanke shawara. Ta shiga ɗaki. Awaki suka zo suka shinshine ni suka wuce. Gwiwata ta yi saiwa a ƙasa. Da ta fito ta ce gobe Asabar da safe, kuma da sharaɗi, ita za ta ga ƙwayoyin da idonta kafin a manna.

Asabar muka fara da sassafe kafin zafi ya taso. Ta karɓi kwalbar ta karanta rubutun jiki, ta zaɓi biyu da kanta ta matsa su a yatsa. Mun saba shigar da mata ta ƙafa, don kai ya zauna kusa da bakin ramin su ga haske. Yau ta kai za ta shiga. Ni da Oga muka juya akwatin mai rami biyu, nauyinsa kamar buhun masara, wayarsa da ƙyar ta kai inda ake jona ta. Ya fita, na kwantar da ita, na gyara, na sake gyarawa. Da gadon ya fara tafiya da kanta cikin ramin sai na ga yatsun ƙafarta sun dunƙule. Ta ce kada in fita. Na toshe kunnena da auduga na tsaya na riƙe idon sawunta, matar da ta taɓa sa ni tsallen kwaɗo daga aji zuwa ofishin hedimasta. Tun daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba.

Da na fito Oga ya nuna min hoton farko. Yanzu ƙwayar dama ce ke ƙyalli, ta hagu ta dushe. Tanda ta juyu. Sai ya wuce zuwa hotunan bayan allura, yana tafiya a hankali, yanki bayan yanki. A nonon dama, can sama wajen hammata, wani ɗan ɗigo ya haska. Ya buɗe na ranar Laraba a gefe, ya je daidai wurin. Akwai wata 'yar inuwa da sai wanda aka nuna wa zai gani. Ya auna ɗigon. Bai kai ƙwayar gyada ba.

Malama ta fito tana ɗaura zane ta tambaye shi me ya gani. Ya ce shi mai ɗaukar hoto ne, likita ne mai faɗa, amma wannan karon hoton ya yi kyau. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce shekara talatin tana ba iyaye irin wannan amsar a kan 'ya'yansu, ta san ta. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Likita ya ɗebi naman wurin aka gwada, ciwon ne. Ya ɗaga aikin da 'yan kwanaki, ya yi duka a shiga ɗaya, ya cire na hagu, ya yanke ɗigon dama da ɗan abin da ke kewaye da shi ya bar sauran. Injiniya ya iso bayan kowa ya daina tambayarsa, ya canza wani abu da zafi ya gasa a ɗakin wayoyi, ya ci kilishi ya koma. Oga ya kira duk matan da aka ɗauka a makonnin nan aka sake musu, ni kuma na sake tsugunawa sau adadinsu. Kwalba ta koma aljihunsa. Ƙurajen kuma ba su tafi ba, in kuna son sani. Da kansu suka gaji daga baya.

Wannan shi ne aikin shan iskar. Tsifar kitso, ɗaga akwati, tsuguno, da riƙe ƙafar mutanen da ke jin tsoro. Ina sake zana jarrabawar lissafi bana, don Oga ya ce in ina son taɓa maɓallin nan kafin ya yi ritaya sai na yi karatun aikin, kuma gwiwarsa ba za ta jira ni har abada ba.

Watan jiya Malama Rahila ta dawo hoton bibiya. Gashinta da maganin sankara ya zubar ya fara tsirowa, fari tas. Na kwantar da ita, na gyara na dama cikin raminsa. Ramin hagu babu abin da zai shiga. Na tsaya da ƙwaya biyu a tafin hannu, na manna ɗaya, na rasa yadda zan yi da ɗayar. Na fara mayar da ita aljihu.

Fuskarta na cikin matashi, amma ta ce, "Na ji filasta ɗaya."

Na ce, "Malama, ɗayan gefen ai..."

"Oganki da biyu yake gane gaskiya. Manna a kan tabon."

Na manna a kan tabon, a tsayi ɗaya da 'yar'uwarta. Na toshe mata kunne, na fita na ja ƙofa.